Ranar da Kawu Ya Ɗaga Gilas

Kawuna direba ne, yayan mahaifiyata, kuma a gidansa na zauna shekara biyu bayan na gama jami'a ina jiran aiki. Motarsa a-kori-kura ce da ta girme ni nesa ba kusa ba. An ce shuɗiya ce a da. Ni dai da na san ta launin ya riga ya koɗe, ya koma kamar na tsohon bokiti. Kujera ɗaya ce doguwa a gaba, mai cin mutum uku idan na tsakiya ya yarda sandar giya ta riƙa bugun gwiwarsa. Da ita yake ɗaukar katako da siminti da kayan masu tashi daga wannan gida zuwa wancan, da ita ya ciyar da 'ya'ya huɗu har kowa ya kama gabansa.

Abokan aikinsa a bakin kasuwar katako Mai Kunne suke ce masa. Allurar da ke nuna zafin inji ta mutu tun kafin a haife ni, ta kwanta gefe guda, bai taɓa gyara ta ba. Gilas a ƙasa yake tuƙi, rani da damina, gwiwar hannu a waje, kai a ɗan karkace kamar mai sauraron hira ta bayan katanga. Hannunsa na wajen taga ya fi ɗayan duhu sosai. Idan inji ya fara ɗaukar zafi, sautinsa yake fara ji ya sauya, sannan hancinsa ya kamo ƙaurin ruwan lagireto, sai ya gangara gefen titi ya buɗe bonet ya nemi inuwa. Jarka biyu na ruwa ba sa rabuwa da bayan motar. Direbobi kan kira shi ya tsaya kusa da tasu motar na ɗan lokaci, ya ce bel ne, ko filogi na uku, kuma in an buɗe haka za a tarar.

Abu ɗaya ne bai yarda da shi ba, a huda masa mota. Ko rediyo ya ƙi sawa, don sai an yanka gaban motar. Yakan ce yadda aka ƙera ta haka za ta mutu.

Matarsa Inna muke ce mata, shi kuma Fasinja. Wai ranar da ya fara ganinta keken ɗinki ta sayo, ta ƙi yarda a ɗaure shi a baya shi kaɗai, ta hau ta zauna ta rungume keken har gida. Ɗinki ta yi ta yi har idonta ya fara gajiya. A shekarar da na zo gidan ƙodarta ta gaza, likita ya ce sai wankin ƙoda sau biyu a mako, Talata da Juma'a, a babban asibitin da ke da tafiyar awa ɗaya da rabi daga gidanmu. Ya kuma ƙayyade mata ruwan sha: ƙaramar gora ɗaya a yini, har da wanda za ta haɗiye magani.

Ni ce mai raka su. Ina tsakiya, Kawu na tuƙi, Inna na jikin ƙofa. Wanda bai shiga tsohuwar mota da rana tsaka ba bai san abin da nake nufi ba. Zafi na tasowa daga ƙasa ta tafin ƙafa, rufin ƙarfe na sauko da nasa, iskar da ke shigowa ta taga kamar an buɗe murhu. Inna takan riƙe gorarta a cinya ba ta sha, sai dai ta jiƙa bakin mayafi ta goga a leɓe. In muka tsaya Kawu na ɗura wa lagireto ruwa, sai ta kau da kai.

"Malam, wannan motar taka ta fi ni gata," ta ce masa wata rana. "Ita jarka, ni murfin gora."

Ya yi dariya, amma daga ranar yakan zagaya ya tsaya ta yadda bonet zai kare ta daga ganin ruwan.

Dawowa ta fi wuya, don injin wankin yakan bar ta kamar tsumman da aka matse. Wata Juma'a a wata na shida kanta ya faɗo kafaɗata, na ɗauka barci ne, sai da na ji nauyin ya yi yawa. Muka shimfiɗe ta a gindin bishiya muna yi mata fifita da kwali har ta farfaɗo.

Washegari Yaya Babba ta zo, babbar 'yarsu, wadda gidan aurenta ke bayan asibitin, tafiyar minti goma. Ba ta ko ajiye jaka ba.

"Baba, ba faɗa na zo yi ba. Ka dube ta. Hanyar nan ce ke cinye ta, ba ciwon kaɗai ba. Ina da ɗaki a gyare."

"Shekara arba'in da ɗaya ba ta zauna a wani gida ba."

"A shekara arba'in da ɗayan ai ba a taɓa wanke mata jini ba."

"Ku daina maganata kamar buhun siminti," in ji Inna daga ɗaki. "Ina jin ku."

Kowa ya san Kawu ba zai bi ta can ba. Ɗakin ɗaya ne ƙarami, aikinsa a nan yake, kuma ba mutumin da zai zauna ƙarƙashin rufin surukinsa ba ne. In Inna ta tafi, ta tafi ta bar shi. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

"Zafi ne matsalar, ko? Ba ni mako biyu. Zan cire zafin."

"Ta yaya?"

"Esi zan sa, na'urar sanyaya mota."

Yaya ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. "Baba, motar da ta girme ni za ka sa wa esi?"

"Ke ma ai da girmanki kika sa tabarau."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta ji, amma in Inna ta sake suma a hanya, ko ta rasa wanki ko sau ɗaya, za ta zo ta ɗauke ta, kuma kada ya ce ba a faɗa masa ba. Ya ce ya yarda.

Sabon esi na mota ya fi ƙarfin Kawu, ko tambaya bai je yi ba. Wajen 'yan gwangwan ya nufa, shi da tsohon abokinsa mai gyaran firiji, wani gajere mai tumbi da ba ya iya rufe baki. Kwana uku suna yawo cikin gawarwakin motoci. Suka dawo da kwamfreso, injin da ke tura gas ɗin sanyi, daga wata ƙaramar mota da ta yi hatsari, da akwatin hura sanyi mai fanka biyu da aka ciro daga ƙarƙashin gaban wata tsohuwar bas, da wani faranti mai raga kamar ƙaramin lagireto, wanda Mai Firiji ya ce shi ke fitar da zafin waje. Aka shimfiɗa su a kan buhu a tsakar gida. Aikina in riƙe sukurori a murfin kwano kada su ɓace, in kuma karanta musu ƙananan rubutun da ke jikin kayan, don idonsu duka biyun ya daina kama su.

"Malama Shiru, me aka rubuta nan?" Haka Kawu ke kirana, don ba na yawan magana.

"An ce kada wanda bai ƙware ba ya taɓa."

"To, Firiji, ka ji. Matsa."

"Ni? Shekara talatin ina sanyaya wa mutane ruwa. Kai me ka taɓa sanyayawa ban da shayi?"

Da aka zo huda gaban motar don a wuce da bututu, Mai Firiji ya ɗauko injin huji, Kawu ya karɓe. Ya ce in za a yi, shi zai yi. Ya yi alama da alli, ya goge, ya sake yi. Ya ɗora bakin injin a kan ƙarfen ya tsaya haka nan, har Mai Firiji ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya ga fuskarsa ya fasa. Huji huɗu ya yi. Bayan ya gama ya tsince garin ƙarfen da hannu ɗaya bayan ɗaya daga kan shimfiɗar ƙafa.

Sun kai mako guda suna fama. Mai walda ya ƙera wa kwamfreson mazauni a gefen inji, aka ƙara bel. Farantin mai raga ba shi da wurin zama sai gaban lagireto, nan aka ɗaure shi, ya tare rabin iskar da ke shiga. Kawu ya bi ƙofofin da tsohuwar robar tayar keke yana toshe duk inda iska ke kutsawa. Hannun ɗaga gilas na ɓangarensa ya ƙage saboda rashin amfani, sai da aka kwance ƙofar aka zuba mai.

Ranar da aka ɗura gas, Mai Firiji ya goge hannu ya daina wasa.

"Mai Kunne, saurara. Injin nan tsoho ne, mun ɗora masa kaya, mun kuma toshe masa hanci. Ka gyara allurar nan."

"Allurar me? Shekara nawa ina tuƙi ba ita?"

"Na sani. Ka gyara dai. Kuma in za ka hau tudu ka kashe sanyin, in ka sauka ka kunna."

"Na ji na tudun. Allura kuwa ka bar wa masu koyo."

Da yamma aka fito da Inna gwaji. Muka shiga mu uku, aka ɗaga gilasai, Kawu ya murɗa makunnin. Fankokin suka ɗauka da gurnani, suka fara feso ƙurar bas da warin tsohuwar kujera, Inna ta yi atishawa ta ce a buɗe mata ƙofa tun ba a kashe ta ba. Can sai iskar ta sauya. Na ji ta a ƙaurina tukuna. Inna ta miƙa tafin hannu gaban ragar, ta juya bayansa, ta sake juyawa.

"Malam," ta ce, "ashe kana da hankali."

"Shekara arba'in da ɗaya, yau kika gani?"

"Yau ka nuna."

Muka zaga unguwa sau biyu. Mai Firiji na baya a tsaye yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi ya ƙera motar. Ban taɓa ganin Kawu cikin farin ciki irin na ranar ba. Amma na lura da wani abu. Yana ta karkata kai wajen taga yadda ya saba, kunnensa na taɓa gilas, sai ya gyara zama. Gwiwar hannunsa ma ta rasa inda za ta sauka. A cikin motar ba a jin komai sai gurnanin fanka. Na gani, na ɗauka sabo ne kawai zai sauya, ban ce komai ba.

Talata muka tashi da hantsi, layin Inna ƙarfe ɗaya ne. Rana ta buɗe sosai, kwalta har walƙiya take yi, mu kuwa muna ciki kamar a wata ƙasa. Inna ta yi hira, abin da ta daɗe ba ta yi a hanya ba. Ta yi tsegumin ɗinkin wata mata da muka wuce, ta ce wuyan rigar kamar an yanka da cokali. Ta manta da gorarta har ta gangara ƙasa. Bayan kamar rabin awa maganarta ta fara ja, kanta ya sauko kafaɗata. Na yi sauri na sa hannu kusa da hancinta. Numfashi ne mai tsawo, a hankali. Barci take yi, har da ɗan minshari.

Kawu ya leƙo ya gani. Ya rage gudu, ya riƙa kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai.

Akwai wani dogon tudu a kashi biyu cikin uku na hanyar, inda manyan motoci ke rarrafe. Da muka iso gindinsa Kawu ya miƙa hannu wajen makunnin. Na ga yatsunsa sun taɓa shi. Ya dubi Inna. Bakinta a ɗan buɗe, goshinta a bushe, babu gumi ko ɗigo. Ya janye hannun ya sa giya ta biyu.

Da gilas a ƙasa yake, da tun a rabin tudun ya ji. Ni ce ma na fara ganin wani abu, ɗan farin tururi siriri a gefen bonet ta ɓangaren Inna, inda shi ba ya gani sosai. Na ce a raina ko hucin kwalta ne. Na ce mutumin da direbobi ke kira ya saurari motarsu, ni ce zan gaya masa? Na ce in na yi magana Inna za ta farka. Kafin in gama shawara da kaina motar ta yi nauyi kamar an riƙe ta ta baya, iskar fankar ta koma ɗumi, sai wani bugu daga ƙarƙashi, ƙwal, ƙwal, ƙwal, wanda ko gilas bai tare ba.

Kawu ya murɗa hannun gilas da sauri. Ƙaurin ya shigo gaba ɗaya, na ƙonannen mai da roba. Ya kashe, amma injin ya riga shi mutuwa. Muka gangara gefe da sauran gudun da ya rage.

Da ya ɗaga bonet tururi ya rufe shi. Ya jira, ya ɗauko jarka ya ɗura, ruwan ya bi ta ƙasa ya zube a kwalta. Ya gwada tayarwa, makulli ya yi ƙas, ko juyawa injin bai yi ba. Injin ya buga, ya lalace ke nan. Ni ma da ban san mota ba na gane daga yadda ya sauke bonet ɗin a hankali da hannu biyu.

Babu bishiya a tudun nan. Cikin minti kaɗan motar ta koma tanda, kuma robar da ya toshe ƙofofi da ita ta hana ko 'yar iskar da aka saba samu. Muka fito da Inna muka zaunar da ita a 'yar inuwar bodin motar. Kawu ya tsaya tsakiyar titi yana ɗaga hannu biyu, mutumin da bai taɓa roƙon a ɗauke shi ba. Motocin da ke hawa ba sa son tsayawa a tudu, masu saukowa kuma ba hanyarmu suka nufa ba. Mun fi awa biyu. Inna ta shanye gorarta tun a awa ta farko, ta koma kallon jarkar da ta rage. Na matsar da jarkar bayan taya.

Wani mai ɗaukar kaji ne ya tsaya a ƙarshe. Wuri biyu gare shi. Kawu ya ɗaga Inna ya sa ta, ya ce in kula da ita, shi zai tsaya da motar. Da muka isa asibiti an riga an ɗora wani a injinta, layi kuwa a cike har washegari. Ta kwana a gidan Yaya ƙafafu a kumbure, numfashi na yi mata wuya, sai da safe aka samu gurbi aka wanke ta.

Yaya ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ranar Asabar ta kawo Inna gida a motar mijinta don ta ɗebi kayanta. An riga an jawo a-kori-kurar, tana tsakar gida, ƙarƙashinta baƙin mai ya taru. Mai Firiji ya zo da safe ya leƙa injin, ya buɗe baki, ya rufe, ya zauna kusa da Kawu a benci har rana ta take.

Jaka ɗaya Inna ta ce in haɗa mata. Kawu ya riƙa shigowa da abubuwa yana ajiyewa a kan gado: matashinta, fitilarta, madubi, almakashin ɗinki. Ita kuma tana mayarwa.

"Ka bar almakashin nan inda yake. Wa ya ce maka ƙaura nake yi?"

"Ko za ki buƙata."

"In na buƙata na zo na ɗauka."

Ta sa na kira shi kicin, ta nuna masa inda gishiri yake da inda ashana take, da tukunyar da ba a ɗora ta a babbar wuta don gindinta ya yi siriri. Ta ce maganin hawan jininsa na cikin gwangwanin madara, ɗaya da safe, kuma ta san in ba a tsaya a kansa ba ba ya sha. Yana ta cewa to, to, idonsa a ƙasa.

A bakin mota, Yaya ta shiga ta tayar, ta ba su wuri. Ni ina riƙe da jakar, na rasa inda zan tsaya.

"Fasinja," ya ce, "Firiji ya gaya mini. Hannuna har ya kai."

"Na sani. Malama ta faɗa mini."

"Da na kashe, da yanzu..."

"Da na farka." Ta gyara mayafinta. "Malam, wata shida ina bin hanyar nan, ban taɓa runtsawa ba sai ranar. Har mafarki na yi. Ka ɗago kanka, yara na kallo."

"Mafarkin me?"

"Ina ruwanka? Buɗe mini ƙofa."

Ya buɗe, ya riƙe mata hannu ta zauna, ya tattara bakin zanenta ya sa ciki kada ƙofa ta datse. Ya zagaya wajen Yaya ya ce ta bi a hankali bayan gada, akwai rami a hannun hagu. Ta ce to, Baba. Ta yi sauri ta ja motar.

Na so in gaya masa a ranar cewa na ga tururin tun kafin bugun. Na bi shi har bakin ɗaki. Ya juyo ya ce, "Malama Shiru, yau na mutum biyu za ki dafa, kada ki manta ki auna da yawa." Na ce to. Sai bayan wata uku na iya faɗa masa, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ba aikina ba ne, aikinsa ne.

Injin bai gyaru ba, irinsa ya daɗe da ƙarewa ko a wajen 'yan gwangwan. Kawu ya koma taimaka wa wani mai sayar da katako da lodi da aunawa. Kowace Talata da Juma'a yakan shiga motar haya tun da safe, ya je ya zauna a kujerar roba kusa da injin wankin awa huɗu, yana ba ta labarin unguwa, ita kuma tana gyara masa inda ya yi ƙari. In an gama ya raka ta har ƙofar gidan Yaya, ya gaisa daga waje, ya kamo hanya. Wata goma sha ɗaya suka yi a haka. Sau biyu tana sa ranar da za ta zo ta kwana biyu a ɗakinta, sau biyu jikin yana hanawa. A gidan Yaya ta rasu, wata Laraba da hantsi, Kawu yana wurin aiki yana auna katako.